Matasanmu da aikin jami'in lantarki a jiragen ruwa: Ina gizo ke saƙar?

Kowace safiyar Allah ɗalibai na cika motoci da a-daidaita-sahu a mahaɗar Ƙofar Kabuga, suna bin hanyar Gwarzo zuwa sabon mazaunin Jami'ar Bayero, cikinsu kuwa har da masu karatun injiniyan lantarki. Idan mai karatu ya bi sawunsu bayan sun kammala hidimar ƙasa, zai tarar 'yan kaɗan sun sami shiga KEDCO ko wata ma'aikata, wasu na hawa rufin gidajen jama'a suna haɗa sola, saura kuwa na koyar da lissafi a makarantun kuɗi kan albashin da ba ya kai su tsakiyar wata. Alhali akwai wani aiki da duniya ke neman masu irin iliminsu ruwa a jallo, wanda ba kasafai ake jin ɗuriyarsa a zaurukanmu ba, wato aikin jami'in lantarki a manyan jiragen ruwa na dakon kaya.

A ganina harshenmu ma na da hannu a wannan shiru. Bahaushe ya raɗa wa kowane muƙami na ayarin fatake suna, akwai madugu, akwai jagaba, akwai uban dawaki, domin fatauci a jininsa yake. Kalmar jirgi kuwa asalinta na ruwa ne, irin wanda Sarkawa ke fito da shi a Yawuri, daga baya aka ara wa na ƙasa da na sama, har ta kai sai mun ƙara da cewa "na ruwa" kafin a gane mai asalin sunan. Amma duk waɗanda ke aiki cikin jirgin teku, daga kyaftin har mai dafa abinci, mun dunƙule su a "ma'aikatan jirgi". Sana'ar da ba ta da suna a bakin iyaye, da wuya uba ya yi wa ɗansa sha'awarta.

Babban jirgin ruwa na zamani gari ne sukutum mai tashar wutarsa. Janareto uku ko huɗu ke ba shi wuta, da wutar ake juya sitiyari, da ita famfunan mai da na ruwan sanyaya inji ke aiki, haka na'urar hangen nesa, da ƙugiyoyin ɗaga kaya, da kwantenonin sanyi da kan kai ɗaruruwa a jirgi guda. A jiragen dakon iskar gas da manyan jiragen kwantena ƙarfin wutar kan kai bolt 6,600. Sau da yawa mutum ɗaya tak ke kula da wannan duka, a inda babu kasuwar Sabon Gari balle a aika yaro sayo fis. Wanda ke ganin abin wasa ne ya tuna da jirgin Dali, wanda wutarsa ta ɗauke a daren 26 ga Maris, 2024 yana fita daga tashar Baltimo ta Amurka, ya daki ginshiƙin gada ta rufta, ma'aikata 6 suka rasa rayukansu. Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta kammala aikinta a 2025, sai ta ce waya guda ce da ba ta zauna daidai a mazauninta ba ta jawo ɗaukewar wutar.

A da, mai gyaran wuta a jirgi ba shi da wata takardar da duniya ta yi ittifaƙi a kanta. Sai a 2010, a birnin Manila, aka yi wa yarjejeniyar STCW ta 1978 kwaskwarima, wato yarjejeniyar da ta tsara horo da takardun ma'aikatan teku, aka shigar da muƙamin jami'in lantarki, gyaran ya fara aiki a Janairun 2012. Sharuɗɗan a fili suke. Mutum ya kai shekara 18, ya yi karatun da hukuma ta amince da shi, sannan ya haɗa wata 12 na horon bita da aiki a teku, aƙalla 6 daga ciki a kan jirgi yana tafiya. Wanda bai bi ta tsararren shirin horo ba sai ya haɗa wata 36, wata 30 daga ciki a sashen inji na jirgi. Bayan haka ya ci jarrabawa, ya tsallake gwajin lafiya, musamman na ido, domin wanda ba ya rarrabe launi ba a ba shi amanar wayoyi. Babu inda aka ce sai an haife shi a bakin teku.

Batun albashi shi ne ke ruɗar matasa, don haka a bi shi a hankali. Mafi ƙarancin albashin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar wa ƙwararren ma'aikacin jirgi, wanda ba jami'i ba, shi ne dala 673 a wata a 2025. Jami'in lantarki mai takarda da ya ɗan goge a kamfanin ƙasa da ƙasa yakan kai dala 4,000 zuwa sama, masu aiki a jiragen gas da na mai sun fi na jiragen dakon hatsi da ma'adinai samu, ci da kwana kuma na kamfani ne. Malamin jami'a irinmu in ya juya wannan zuwa naira sai ya yi shiru. To amma wani hanzari ba gudu ba, kamfanoni da yawa watannin kwantiragi kawai suke biya, in ka yi wata shida a ruwa ka dawo gida wata uku, waɗannan ukun daga aljihunka za ka ci. Mai koyon aiki ɗan alawus yake samu. Kamfanonin da ke zirga-zirga a gaɓar tekunmu, masu biya da naira, ba su kusanci wancan adadi ba. Sannan tsanin gajere ne, injiniyan inji na hawa daga na huɗu har ya zama babban injiniya, shi kuwa jami'in lantarki da takardarsa ba ya zama shugaban sashen inji, iyakarsa babban jami'in lantarki a kamfanonin da suka tanadi muƙamin. Mai hankali yakan yi shekarun ƙuruciyarsa a ruwa, ya tara jari da ƙwarewa, ya sauko tudu ya kama aiki a tashar wuta, ko matatar mai, ko ofishin kula da jiragen kamfani.

Buƙatar kuwa ba shaci-faɗi ba ce. Rahoton da ƙungiyoyin masu jiragen ruwa, BIMCO da ICS, suka fitar a 2021 ya ƙiyasta ma'aikatan teku miliyan 1.89 a duniya, ya kuma nuna giɓin jami'ai 26,240 a wannan shekarar.

To ina gizo ke saƙar? Yana saƙar ne a waɗancan watanni shida na kan jirgi. Aji ba shi ne matsalarmu ba, ga Makarantar Horon Ma'aikatan Ruwa ta Oron a Akwa Ibom tun ƙarshen shekarun 1970, ga Jami'ar Okerenkoko a Delta da ta fara karatu a 2018. Abin da babu shi ne jirgin da ɗalibi zai hau. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, wanda aka kafa a 1959, shi ne ya yaye manyan kyaftin da injiniyoyin ƙasar nan, aka rushe shi a 1995. Da hukumar NIMASA ta ɓullo da shirin tura matasa karatun teku a ƙasashen waje a 2008, ɗalibai da dama sun gama aji lafiya, suka dawo suka shafe shekaru suna jiran gurbin hawa jirgi, wanda kuwa bai hau ba ba shi da takardar aiki. Mu Kanawa bai kamata a ba mu labarin wannan ciwo ba. A zangon mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu an tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgin sama, niyya ce kyakkyawa, amma da yawansu sun dawo suka tarar kamfanoni na neman ƙarin horo kan takamaiman samfurin jirgi, mai tsadar da iyayensu ba za su iya ba. An sayi doki, kuɗin linzami ya gagara.

Masu cewa mu da teku sai a talabijin, su dubi ƙasar Habasha. Tun da Eritiriya ta ɓalle a 1993 ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku, amma a Jami'ar Bahir Dar, a bakin tafkin Tana, akwai cibiyar da ke ɗaukar waɗanda suka riga suka gama digirin injiniyan inji ko na lantarki, ta ba su horon teku na 'yan watanni, sannan kamfanin da ke haɗin gwiwa da ita ya sama masu gurbi a jiragen ƙasashen waje. Sirrin abin shi ne an ƙulla maganar gurbin tun kafin a ɗauki ɗalibi. Mu da muka yi bikin buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023, muna murnar kwantena za ta iso Kano kai tsaye, ya dace mu tambayi kanmu ko 'ya'yan wa ke aiki a jiragen da suka ɗauko ta.

Akwai abin da ya rataya a wuyanmu malaman harshe. A jirgi za ka sami ɗan Filifin da ɗan Indiya da ɗan Yukren a ɗakin inji ɗaya, Ingilishi ne kaɗai ya haɗa su, har Hukumar Sufurin Teku ta Duniya ta tsara jimloli na musamman a 2001 don kauce wa rashin fahimta. Ɗalibanmu da yawa sun iya lissafi, amma a ce su bayyana matsalar inji da baka cikin minti ɗaya sai gumi ya karyo masu, kamfanoni kuma da hirar baka suke tantancewa. Wannan gyara ne na zango guda in an sa kai. Iyaye kuma a gaya masu gaskiya tun da wuri, ɗansu zai yi watanni bai ga masallacin Juma'a ba, wata sallar ma a tsakiyar teku za ta riske shi, kamar yadda ta riƙa riskar kakanninmu a hanyar Gwanja.

Saboda haka kirana ga hukumomin ba da tallafin karatu na Kano da Jigawa da Katsina shi ne, kada a sake sa hannu kan yarjejeniya da kowace makarantar teku, ta gida ko ta waje, sai an ga sunan kamfanin jiragen da zai ɗauki ɗaliban da adadin guraben da ya ware a rubuce, a kuma riƙe kaso na ƙarshe na kuɗin har sai ɗalibi ya sauko daga jirgi da littafin horonsa cike da sa hannun babban injiniya. A fara da mutum 20 daga cikin masu digiri da babbar difloma ta lantarki da ke zaune a gida yanzu, Jami'ar Bayero ta ɗauki nauyin tantance su da koya masu Ingilishin teku.