Masoron Kampot da Hatimin Munik

Masu fassara labarai zuwa Hausa sun saba da zuba abubuwa uku cikin buhu guda, su ɗaure bakinsa da kalmomin "haƙƙin mallaka". Da takardar da ke ba mai ƙirƙira ikon hana kowa sarrafa abin da ya ƙirƙira har shekara 20, da tambarin da ɗan kasuwa ke manna wa hajarsa, da sunan gari da ake jingina wa amfanin gona, duk suna ɗaya suke ci. Ɗalibin Hausa yana iya ɗaukar wannan a matsayin ƙaramar matsalar ƙamus. Ni kuwa ina ganin rashin rarrabewar nan ne ke bai wa wata da'awa damar wucewa ba a bincike ta ba, wato cewa duk ƙasar da ta ƙara tsananta kare "haƙƙin mallaka" ta ci gaba. Labarin Kambodiya ya isa ya rusa wannan da'awa.

Kambodiya ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan 17, tsakanin Tailan da Biyetnam da Lawos. Ta kafa dokar tambarin kasuwanci a 2002, ta kafa ta haƙƙin ƙirƙira a 2003, sannan ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2004. Sai da aka shekara 12 da dokar ƙirƙirar kafin a ba da takarda ta farko a ƙarƙashinta, a 2015, ita ma bisa binciken da ofishin Singafo ya yi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tantance ƙirƙira aiki ne na injiniyoyi da masana sinadarai masu bin diddigin duk abin da aka taɓa wallafawa a duniya, ƙasar kuwa ba ta da su yadda ake buƙata. Sai ta zaɓi aron idon wasu. Ta ƙulla yarjejeniya da Singafo da Japan da Sin, kuma daga 1 ga Maris 2018 ta zama ƙasar Asiya ta farko da ke amincewa da takardar da Ofishin Ƙirƙira na Turai da ke Munik ya bayar, ta yi aiki a cikinta tamkar tata.

Lauyoyin da ke neman kamfanonin waje su ɗauke su aiki suna yabon wannan tsari, suna cewa ya sauƙaƙa komai. Gaskiya ne ya sauƙaƙa, amma a tambaya: wa ya sauƙaƙa wa? Mafi yawan masu neman irin wannan takarda a Kambodiya baƙi ne. Takardar ƙirƙira kuwa, idan aka tuɓe mata ado, umarnin hani ce. Ba ta gina masana'anta, ba ta koyar da kowa sana'a, ba ta tilasta wa mai ita ya zuba ko dala ɗaya a ƙasar. Abin da take yi shi ne ta ce wa maƙerin Kambodiya kada ya kwaikwayi wannan, ta ce wa ɗan kasuwarta kada ya shigo da mai araha daga wani wuri. Kotun ƙasar da jami'anta su ne za su yi gadin, ribar kuma ta tafi ƙetare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu cewa ta haka ƙasashe ke tasowa sun manta da tarihin waɗanda suka riga suka taso. Holan ta soke dokar ƙirƙira ɗungurungum a 1869, ba ta dawo da ita ba sai 1912. Suwizalan, uwar kamfanonin magani a yau, ba ta yarda a mallaki maganin kansa ba sai 1977. Indiya ta hana irin wannan mallaka da dokarta ta 1970, ta riƙe hanin har 2005, kuma a tsakanin nan ne ta gina masana'antar da ke ciyar da asibitocin ƙasashe matalauta da magani mai rahusa. Kowaccensu ta fara da kwaikwayo, ta kulle ƙofa bayan ta tara abin da za ta kulle.

A nan ne batun ya taɓa rai. Har yanzu Kambodiya ba ta ba da takardar ƙirƙira a kan magunguna, ko da ta fito daga Munik, domin an ɗaga wa ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba ƙafa har zuwa 2033. Da magungunan kwaikwayo masu araha, akasarinsu na Indiya, ta yi nasarar da ake yaba mata a yaƙi da cutar kanjamau. To amma Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da cewa ƙasar za ta fita daga wannan rukuni a 2029, kuma rangwamen na 'yan rukunin ne kawai. Ranar da ya faɗi, ƙofar da aka buɗe wa injuna za ta iya buɗuwa ga sababbin magunguna, ba tare da ƙasar tana da isassun masu binciken da za su ce wannan takarda ta cancanta, waccan kuwa tsohon magani ne aka sauya wa riga ba.

Kada a fahimce ni da cewa duk abin da ke cikin buhun nan sharri ne. A duba masoron Kampot. An daɗe ana noma shi a lardunan Kampot da Kep, ya yi suna a teburan Faransa tun zamanin mulkin mallaka, sannan gonakinsa suka lalace a mulkin Kamar Ruj na 1975 zuwa 1979, lokacin da aka tilasta wa kowa noman shinkafa. A 2010 gwamnati ta yi masa rajistar sunan asali, tare da sukarin da ake tatsa daga wani irin giginya a Kampong Speu. A 2016 Tarayyar Turai ta amince da sunan. Ma'anar rajistar ita ce babu mai iya kiran masoronsa "Kampot" sai wanda ya noma shi a wannan yanki, bisa ƙa'idar da ƙungiyar manoman ta gindaya. Farashi ya tashi, aka shekara da shekaru ana sayen kilo na baƙi dala 15, ja 25, fari 28. Ba a rasa tangarɗa ba, don manyan gonaki masu jari sun shigo sun mamaye kasuwar waje, ƙananan manoma da dama suka rasa masu saye. Duk da haka wannan kariya ce ga abin da ƙasar take da shi a hannu, kuma ta hana a sayar da masoron wani wuri da sunan nata. Mai karatu a Nijar ko Kamaru ya san irinta, tun da albasar Galmi da kilishin Nijar da masoron Penja duk sun sami rajista makamanciya a ofishin Afirka da ke Yawunde.

Tambarin kasuwanci ma yana da hujjarsa, domin yana gaya wa mai saye wanda ya yi kayan, yana kuma ba da hanyar kama mai jabu, ba ya hana kowa yin sabulu ko takalmi da sunansa na kansa.

Saboda haka idan ɗalibi ya gamu da jimlar da ke cewa Kambodiya "ta ƙarfafa kare haƙƙin mallaka", ya ajiye alƙalami ya koma ga asalin labarin. Idan sunan masoro ake nufi, ya rubuta sunan asali. Idan tambari ne, ya ce tambari. Idan kuwa hatimin Munik ne, ya rubuta haƙƙin ƙirƙira, ya kuma nemi sanin ko magani na ciki.