Baƙo Mai Jiki Da Rigar Kanti

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma sun yi gaskiya. Amma akwai wani ilmi wanda matafiyi ba ya samunsa sai ya sha kunya tukuna, watau sanin cewa rigar da ake kira babba a wata ƙasa, a wata ƙasar matsakaiciya ce ko ma ƙarama. Duk mutumin da Allah ya ba tsawo da faɗin kafaɗa, ko Bature ne daga Holan, ko Ba'amurke, ko kuwa ɗalibi ko ɗan kasuwa daga Kano ko Maraɗi, in ya zauna wata biyu ko uku a Japan ko Koriya ta Kudu ko Sin, lalle zai ga wannan al'amari da idonsa.

A ɗauka mutum ne ya sauka birnin Tokyo da kaka, da 'yan tufafinsa marasa nauyi, yana cewa in sanyi ya zo ya saya a can. Watan Disamba ya kama, iska ta fara ratsa ƙashi. Ya shiga kanti ya ɗauki kwat mai harafin L, don da ita ya saba a gida. Ya zura hannu, ta tsaya a kafaɗa. Ya ɗauki LL, ta shiga da ƙyar, amma maɓalli ya ƙi haɗuwa, hannunta kuwa bai kai wuyan hannunsa ba. Ya juya wajen takalma, ya tarar yawancinsu sun ƙare a santimita 28, ga shi ƙafarsa ta wuce haka. Yaron kanti ya gicciye hannuwansa biyu a ƙirji, alamar babu ke nan a wurinsu. Mutumin ya fito cikin sanyi, kuɗi na aljihunsa, ba su tsinana masa kome ba.

To, in ya ba da labari, abin da ya kan fara ji daga bakin mutane shi ne ya rage ci. Wannan magana ita ce ta cancanci a yi faɗa da ita, gama an bar jaki ana dukan taiki. Azumi ba ya rage tsawon hannu. Yunwa ba ta tsuke ƙashin kafaɗa, ba ta kuma mayar da ƙafa mai santimita 30 ta koma 27. Matsakaicin tsawon namiji a Holan ya kai wajen santimita 183, a Japan kuwa wajen 171 ne. Wannan bambanci halitta ce da abinci da gado, ba wanda ya yi zunubi a ciki. Ko mai ƙiba ma, wanda likita ya ba shawara ya rage, yana da hakkin ya rufe jikinsa yau, kafin shawarar ta yi aiki baɗi.

Ya kamata mai karatu ya san inda waɗannan lambobi da haruffa suka samo asali, domin wanda ya san asalinsu ba zai ƙara jin tsoronsu ba. A zamanin da, tela ke auna mutum ya ɗinka masa. Da aka sami keken ɗinki, irin wanda Singer ya yi wa rajista a 1851, sai ɗinki ya yi sauri. A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, an bukaci kakin soja masu ɗimbin yawa, aka auna sojoji, aka lura awonsu ya kan faɗa cikin 'yan rukunai kaɗan. Daga nan masu masana'antu suka ɗauki dabarar ɗinka riga tun ba a ga mai ita ba. Ta wajen mata kuwa, Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sa an auna mata kusan 15,000 a 1939 da 1940, aka buga sakamakon a 1941, amma awon fararen fata kaɗai aka yi lissafi da shi. A kansa aka gina ƙa'idar da gwamnati ta fitar a 1958, wadda aka janye a 1983. Tun daga nan kowace masana'anta ta kama gabanta. Har ya zama waɗansu suna ƙara faɗin riga su bar mata tsohuwar lamba, don mai saye ya ji daɗi ya ɗauka ya rame. Ashe ko a ƙasar da aka haifi lambobin ba su tsaya wuri ɗaya ba.

Ga misali wanda kowa zai iya bi da alƙalami. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Mutumin da kewayen ƙirjinsa ya kai inci 40, watau kusan santimita 102, kwat ɗinsa a Ingila lamba 40 ce. In ya haye Jamus ko Italiya sai ta zama 50, gama su rabin santimitar suke rubutawa. A Koriya ta Kudu taguwarsa 100 ce ko 105. A Sin kuwa zai ga an rubuta irin su 175/100A, watau tsawon mutum 175, ƙirji 100, harafin kuma yana nuna tazarar da ke tsakanin ƙirji da ƙugu: Y ga mai siririn ƙugu, A ga matsakaici, B da C ga masu tumbi. Mutum ɗaya ne, jiki ɗaya, suna huɗu. Haka takalmi. Ƙafar da Japan ke kira 28, don su tsawonta suke aunawa da santimita, Faransa na kiranta wajen 44, Ingila kuwa tsakanin 9 da 10, domin ita tana ƙirgawa da sulusin inci, awon da aka samo daga tsawon ƙwayar sha'ir.

Masu kantuna suna da hujjarsu, kuma adalci ne a saurare ta. Sun ce ɗan kasuwa abin da ke fita yake ajiyewa. Babbar kwat ta fi cin yadi, ta fi cin wuri, kuma tana iya shekara a rataye ba a taya ba. Wannan gaskiya ne, ba wanda zai ɗora wa mai ƙaramin kanti a Osaka nauyin ya tara kaya saboda baƙon da bai san ranar zuwansa ba. Amma hujjar ta tsaya nan. Ba ta wanke mai masana'antar da ya ƙi rubuta awon riga da santimita, ya manna mata XL kawai ba, alhali XL ɗinsa dabam, na maƙwabcinsa dabam. Ba ta wanke waɗanda ke manna harafin F ba, wai riga ce ta kowa da kowa, alhali kuwa ta sirara ce kaɗai. Ba ta kuma wanke wanda ya yi wa baƙo dariya don riga ta ƙi shigarsa ba. Rubuta awon gaskiya a wuyan riga ba ya cin yadi ko taku ɗaya. Ƙasashen Turai ma sun taɓa tsara wata ƙa'ida mai lamba EN 13402 tun daga 2001, wadda ta nemi a riƙa rubuta awon jiki da santimita tare da ɗan hoton mutum, amma da yake ba tilas ba ce, masana'antu da yawa suka yi kunnen ƙashi da ita.

Abin mamaki shi ne, wannan matsi ba gadon mutanen Gabas ba ne. Kimono, rigar gargajiyar Japan, daga doguwar ƙyalle mai faɗin wajen santimita 40 ake yanka ta a miƙe, a naɗe a jiki a ɗaure da ɗamara, ta karɓi siriri ta karɓi mai kauri. Haka babbar riga da buje da zane a ƙasar Hausa: uba ya kan bar wa ɗansa riga, ɗan ya sa ta ranar salla ba tare da an kai wa tela ba. Ɗinkin Turawa ne ke bin kafaɗa da ƙugu sau da ƙafa, wanda kuskuren inci ɗaya ke ɓata shi. Wanda ya zaɓi ya sa irin wannan ɗinki, to, tilas ya ɗauki wahalar sanin awonsa.

A nan ne maganar ta juyo kan matafiyin kansa, don shi ma ba a wanke shi sarai ba. Mutum ya koyi karatu da rubutu, ya iya lissafin kuɗin jirgi da na canji, sa'an nan a tambaye shi kewayen ƙirjinsa ya ce bai sani ba? Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Tef ɗin awo da kowane tela ke ratayawa a wuya, gefe ɗaya inci ne, gefe ɗaya santimita, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kafin tashi, mutum ya je wurin telansa a auna masa wuya, da kafaɗa, da ƙirji, da ƙugu, da tsawon hannu, da tsawon ƙafar wando. Ya taka takarda a zagaye ƙafarsa da fensir, a auna daga diddige zuwa babban yatsa. Ya rubuta duka cikin ɗan littafi ya ajiye tare da fasfo. In ƙafarsa ta wuce santimita 28, ya tafi da takalmansa daga gida, har da na sanyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuwa ya riga ya sauka, ba a rasa mafita ba, sai dai ga wanda ya ƙi tambaya. A Japan awo bai tsaya a LL ba, akwai 3L da 4L har gaba, amma a kantuna na musamman ake samunsu, ko ta intanet. A unguwar Ryogoku ta Tokyo, inda 'yan kokawar sumo suke, ana sayar da tufafin ƙarti. A Bankok da Hong Kong da Shanghai da garin Hoi An na Biyetnam akwai teloli waɗanda sana'arsu ke nan, su auna baƙo su ɗinka masa kwat da wando cikin 'yan kwanaki. Amma a nan ma a yi hattara: kada a biya kuɗi duka sai an gwada, kada kuma a ba da ɗinki ana gobe za a hau jirgi, domin ranar nan ko hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo haka za a karɓa.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi kowace zafi, don ta shafi wanda bai taɓa barin garinsu ba. 'Yan kasuwa na tafiya Guangzhou, birnin da Turawa ke kira Kanton, inda ake babban baje koli sau biyu a shekara tun 1957, su saro tufafi dila dila su kawo Kantin Kwari da sauran kasuwanni. Mai hankali cikinsu ya kan tafi da samfuri da rubutaccen awo, ya ce wa mai masana'anta ga yadda jikin mutanensa yake, ya kuma buɗe dila ya auna da tef kafin a loda. Wanda ya dogara ga harafi kuwa, shi ke dawowa da kwantena cike da XL wadda ba ta shiga saurayi ɗan shekara ashirin. Daga nan ko dai jarinsa ya kwanta, ko ya tura asarar kan talaka, ya sayar masa a cikin leda ya ce in an fita da kaya ba a dawowa da su. Magidanci ya tara kuɗin kayan sallar 'ya'yansa, ya kai gida, riga ta ƙi wuce kai. Wannan tauye mudu ne, ko da da allura aka yi shi, kuma Alƙur'ani mai girma ya yi kashedi mai tsanani ga masu tauye awo.

Saboda haka kowa ya ɗauki rabonsa na gyara. Mai masana'anta ya rubuta awo da lambar da ba ta ƙarya. Mai saro kaya ya auna kafin ya biya, ya kuma yarda mai saye ya gwada. Matafiyi ya san jikinsa kamar yadda ya san sunansa. Wanda kuwa riga ta ƙi shiga a baƙuwar ƙasa, kada ya sunkuyar da kai gaban yaron kanti, ya mayar da ita inda ya ɗauko ya nemi tela. Don mutum aka yi riga tun fil azal. Allah ya suturta bayinsa a gida da daji, amin.