Jinjina ga Maƙeran Henry, da Nauyin da Libarba ta Ɗora Musu

A shekarar 2023 kamfanin Henry Repeating Arms, mai hedkwata a garin Rice Lake na jihar Wisconsin a Amurka, ya fitar da libarbarsa ta farko. Bindiga ce mai cin harsashi shida, gindinta na tagulla, ƙotarta ta katako, aka raɗa mata suna Big Boy Revolver. Tambayar da ta dace a yi ita ce: shin kamfanin da ya yi suna wajen ƙera dogayen bindigogin farauta yana da hurumin shiga sana'ar ƙaramar bindiga? Amsata ita ce yana da shi, kuma ya shiga da ƙafar dama. Yabon gwani ya zama dole. Amma shigar ta ɗora masa wani nauyi da bai taɓa ɗaukar irinsa ba, kuma wannan nauyin ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Louis Imperato da ɗansa Anthony ne suka kafa kamfanin a 1996 a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Sun aro sunan Benjamin Tyler Henry, gwanin da ya ƙirƙiro wata doguwar bindiga a 1860, wadda ake ɗana ta da hannun ƙarfe a ƙarƙashinta, irin wadda duk mai kallon finafinan kaboyi ya sani. A kan wannan samfurin suka gina arzikinsu, suka kuma ɗaure kansu da alkawarin cewa duk abin da ba za su iya ƙerawa a cikin Amurka ba, sun haƙura da shi. A tarihin sana'ar, maƙerin doguwar bindiga da maƙerin libarba sun daɗe kowa na tsaye a gonarsa. Kamfanin Colt ya gwada ƙera doguwar bindiga irin ta Winchester a 1883, ya janye bayan shekara biyu, shi kuma Winchester bai kai libarba kasuwa ba. Masu sha'awar tarihin bindiga har yau suna ba da labarin cewa manyan kamfanonin biyu zama suka yi suka raba kasuwar a tsakaninsu. Wannan tsohuwar iyaka ce Henry ya tsallake.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka libarba ta fi sauƙin ƙerawa, tunda ƙarama ce kuma tsohuwar fasaha ce da Samuel Colt ya yi wa rajista tun 1836. Ba haka abin yake ba. Ka riƙe ta a hannu ka ja kunamarta a hankali, ka ga abin da ke faruwa a ciki. Wani ɗan ƙarfe ya saki gangar nan mai ramuka shida, wani ya tura ta ta juya, na farkon ya dawo ya kulle ta daidai lokacin da rami ɗaya ya daidaita da bututun bindigar, sannan 'yar gudumar baya ta faɗo ta bugi gindin harsashi. Duk wannan a jan yatsa ɗaya. Idan gangar ta kauce ko da kaurin gashi kaɗan ne, harsashi zai goga gefen bututu, ɓarɓashin dalma ya fantsamo gefe. Ramuka shida ke nan, kowanne sai ya tsaya daidai, yau da gobe, har bayan harbi dubbai. Shi ya sa kamfanoni da yawa suka guje ta. Tun bayan da Glock na ƙasar Ostiriya ya fito da fistol ɗinsa mai gangar jikin roba a farkon shekarun 1980, 'yan sandan Amurka suka ajiye libarba suka koma wa mai cin harsashi goma sha bakwai. Colt da kansa ya daina ƙera shahararriyar Python ɗinsa a 2005, sai a 2020 ya dawo da ita. Kamfanin da ya zaɓi wannan aiki mai wuya, ya kuma yi shi a gida da ma'aikatan garinsa, ya cancanci a sara masa.

Dalili na biyu na jinjina shi ne an yi tunanin mai saye. Libarbar tana cin harsashin .357 Magnum, wanda kuma shi ne ɗaya daga cikin harsasan da doguwar Big Boy ta kamfanin ke ci. Makiyayi ko manomin da ke zaune nesa da gari, mai fama da namun dajin da ke yi masa ɓarna a garke, kwali ɗaya na harsashi ya ishe shi bindigogi biyu. Wannan dabara ce ta mutanen da, domin tun ƙarshen shekarun 1870 Colt ya ƙera libarba mai cin harsashin .44-40 na doguwar Winchester saboda wannan buƙatar. Haka nan tana karɓar .38 Special, wanda ya fi araha kuma bai kai wancan bugun hannu ba, sai mai koyo ya fara da shi.

Dalili na uku ya fi sauran nauyi a wurina. Henry ya sa wa libarbarsa ɗan ƙarfen tsakani tun daga rana ta farko. Aikin wannan ƙarfen shi ne, guduma ba ta isa ga allurar da ke bugun harsashi sai an ja kunama har ƙarshe, lokacin ne ƙarfen ke tasowa ya shiga tsakaninsu ya isar da bugun. In bindiga ta suɓuce ta faɗi a kan gudumarta, ba abin da zai tashi. Da jini aka koyi wannan darasi. Tsohuwar Colt ta 1873 sai an cika ramuka biyar an bar na shida wayam a ƙarƙashin guduma, in ba haka ba faɗuwa ɗaya ta isa ta kashe mai ita ko na kusa da shi. Kamfanin Ruger, da ya shiga ƙera libarba a 1953 da samfurin Single-Six, ya bi wannan tsohon tsari. Mutane suka ji raunuka, kamfanin ya sha shari'a, sai a 1973 ya sake fasalin bindigoginsa da ƙarfen tsakani, daga baya kuma ya buɗe ƙofa ga duk mai tsohuwar ya aiko a gyara masa kyauta. Henry bai jira sai an yi masa irin wannan karatun ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Akwai kuma halin da kamfanin ya nuna a baya. A Amurka hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi, wadda aka kafa a 1972, tana iya tilasta a janye abin wasan yara ko tukunyar lantarki daga kasuwa, amma majalisa ta hana ta taɓa bindiga. Janye bindiga mai aibi ya rage ga lamirin wanda ya ƙera ta. A 2020 Henry ya gano cewa wasu bindigoginsa masu cin harsashi ɗaya za su iya tashi ba tare da an ja kunama ba, ya fito fili ya faɗa, ya ce a dawo da su a gyara a kan kuɗinsa. Ba kowane ɗan kasuwa ne ke tona asirin kayansa da bakinsa ba.

To, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Doguwar bindigar farauta tana kwana a kabad, ana fito da ita in kaka ta yi. Libarba kuwa a durowar gefen gado take kwana, ko a aljihun mota, ko a jakar hannu, kuma galibi cike da harsashi. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. A alƙaluman hukumar FBI na 2020, ƙananan bindigogi ne aka yi amfani da su a kashi 59 cikin ɗari na kisan kai da bindiga, dogayen bindigogi irin raifil kuwa kashi 3 kacal. Tun daga shekarar 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar. Kamfanin da ya shiga ƙera libarba ya shiga wannan lissafi, ko yana so ko ba ya so.

Aiki na farko da ke gabansa shi ne ajiya. Libarba irin wannan ba ta da maɓallin kariya da ake turawa da yatsa. Kariyarta ita ce nauyin jan kunama, amma da zarar an ja guduma baya da babban yatsa, jan ya zama mai laushi, yaro ƙarami ma zai iya. Wata dokar Amurka ta 2005 ta wajabta wa dillalai su haɗa wa mai sayen ƙaramar bindiga makulli, kuma shirin Project ChildSafe na ƙungiyar masu sana'ar ya raba miliyoyin makullai tun 1999. Sai dai makullin waya da ake zurawa ta cikin ganga yakan ƙare a kwali, domin wanda ya sayi bindiga don tsaron gida ba ya son abin da zai ɓata masa lokaci da tsakar dare. Abin da ke aiki shi ne ƙaramin akwatin ƙarfe mai buɗewa da lambobi cikin daƙiƙa biyu ko uku. Wanda zai iya biyan sama da dala 900 kuɗin libarba, ba akwati ne zai gagare shi ba. Henry yana da ikon haɗa su a ciniki ɗaya, ko ya ba da rangwame mai tsoka ga duk wanda ya saye su tare.

Aiki na biyu shi ne wanda masu sana'ar suka fi jin nauyin ambata, wato mutum ya kashe kansa. Masu bincike na Jami'ar Stanford sun bi diddigin mutanen Kalifoniya sama da miliyan 26 na tsawon shekaru, suka wallafa sakamakon a 2020. Sun gano cewa namijin da ya mallaki ƙaramar bindiga ya ninka wanda ba shi da ita kusan sau takwas wajen yiwuwar kashe kansa da bindiga, mace kuwa sau 35. Dalilin a fili yake. Baƙin cikin da ke kai mutum ga wannan tunani sau da yawa na ɗan lokaci ne, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira daga yunƙurin farko ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Bindiga ba ta barin damar nadama, domin wajen tara cikin goma na masu amfani da ita ba sa tashi. An riga an share hanya: masu shagunan bindiga a jihar New Hampshire sun fara haɗa kai da ma'aikatan lafiya tun 2009, kuma tun 2022 akwai lambar waya 988 ta neman agaji a duk faɗin ƙasar. Ya kamata Henry ya buga wannan lamba a cikin murfin kowane kwali, da bayani a sarari cewa ba abin kunya ba ne mutum ya ba ɗan'uwansa ajiyar bindiga idan duniya ta yi masa zafi. Maganar da ta fito daga bakin maƙeri ta fi shiga kunnen mai bindiga fiye da ta likita ko ɗan siyasa.

Na uku, talla. A 2022 kamfanonin inshorar Remington suka biya dala miliyan 73 ga iyalan waɗanda aka kashe a makarantar Sandy Hook, kuma ƙarar a kan salon tallan bindigar aka gina ta, tallan da ke zuga samari cewa mazantaka a bakin bindiga take. Henry ya saba tallata kayansa da farauta da gadon iyaye da kyawun aiki. Kasuwar ƙaramar bindiga kuwa da tsoro ake cin ta, kuma jarabar bin wannan hanya za ta zo ranar da ciniki ya ja baya. Ya kamata ya riƙe tsohon halinsa.

Na huɗu, dillalai. Libarba ba ta tofar da kwanson harsashi kamar fistol, kwanson yana zama cikin ganga, don haka mai laifi ba ya barin wa 'yan sanda wannan shaida a ƙasa. Idan aka kama bindigar, lambar jikinta ce ke kai hukumar ATF mai kula da harkar bindiga ga maƙeri, daga shi zuwa babban dillali, har zuwa shagon da ya sayar. Ke nan maƙeri yana iya lura da inda kayansa ke yawan ɓullowa a hannun da bai dace ba. Rahoton hukumar ya nuna an sace bindigogi sama da miliyan ɗaya tsakanin 2017 da 2021, mafi yawansu daga hannun ɗaiɗaikun mutane. Dokar 2005 ta kare maƙera daga yawancin ƙararraki, amma ba ta hana kowa yanke hulɗa da dillalin da ya yi sakaci ba.

Na san abin da za a ce. A shekarar 2000 Smith & Wesson ya ƙulla yarjejeniyar tsaro da gwamnatin Bill Clinton, masu saye suka ƙaurace masa har ya kusa durƙushewa, aka sayar da shi a shekara mai bi. Duk maƙerin Amurka yana tuna wannan. Amma abin da ya fusata mutane a lokacin shi ne ganin kamfani ya miƙa wuya ga gwamnati. Ba ɗaya daga cikin abubuwa huɗun nan da ke buƙatar sa hannun gwamnati ko sabuwar doka. Duka suna cikin ikon Anthony Imperato da ma'aikatansa, kamfanin da ya riga ya saba ba da kyautar bindigogi a yi gwanjonsu don jinyar yara marasa lafiya. Wanda ya damu da yaron da ke kwance a asibiti, ba zai rasa damuwa da yaron da ke buɗe durowar mahaifinsa ba.

Don haka, maƙeran Rice Lake, sannunku da aiki. Kun ƙera abu mai wuya, kun ƙera shi da kyau, kun kuma sa masa kariyar da wasu sai da aka kai su kotu suka sa. Yanzu ku haɗa akwati da kowace libarba, ku buga lambar agaji a kowane kwali, ku tsare harshenku a talla, ku sa ido a kan masu sayar muku. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma libarbar da kuka fitar a 2023 za ta fi shekara arba'in tana yawo daga hannu zuwa hannu da sunanku a jikinta.