Kada a sallami yaron da ya sha fiya-fiya ba a tambaye shi ba

Idan aka shigo sashen gaggawa da yarinya 'yar shekara 15 tana kumfar baki, jikinta na warin fiya-fiya, ma'aikatan asibitocinmu sun san abin yi. Za a tuɓe mata tufafin da gubar ta taɓa, a zuƙe majina, a yi ta allurar atirofin har ƙirji ya bushe. Bayan kwana biyu ko uku ta farfaɗo, uwa ta ce ai kuskure ne, likita ya rubuta haka a kati saboda ga wasu na jiran gadon, a tafi gida. A ganina wannan sallama rabin aiki ce, domin an kori gubar amma an bar dalilin shanta yana nan daram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma babu alamar haɗarin kashe kai da ta kai a ce mutum ya taɓa gwadawa. Ke nan wadda ke kwance a gadon nan ita ta fi kowa buƙatar a zauna da ita, kuma mai yiwuwa ba za ta sake zuwa gaban likita ba sai ranar da ba ta da amfani.

Za a ce ina ƙwararrun? Gaskiya ne, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma na ɓangaren yara ƙalilan ne a cikinsu. Mutumin ƙauye ba ya isa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ko Dawanau cikin dare. Sai dai mu dubi Amurka, inda likitoci suka fi namu yawa nesa ba kusa ba. A 2021 ƙungiyoyin likitocin yaranta suka shelanta cewa lafiyar ƙwaƙwalwar yara ta shiga halin ta-ɓaci, yara na shafe kwanaki a sashen gaggawa suna jiran gadon ƙwararru. In har jiran ƙwararre bai fisshe su ba, mu ba zai fisshe mu ba. Abin da ya rage shi ne a koyar da waɗanda ke bakin aiki. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP don likita na gama-gari da nas su iya wannan aiki, kuma akwai gwajin ASQ na tambayoyi huɗu kacal da ba ya cin minti ɗaya. Abin da ake nema bai wuce kusurwa mai labule ba, a keɓe yaro daga iyayensa na ɗan lokaci, a tambaye shi cikin taushin murya, a ce wa uba ya fitar da Sniper da maganin ɓera daga gidan, sannan a rubuta ranar dawowa kafin a sa hannu a sallama.

Wasu na tsoron tambayar ce za ta cusa wa yaro tunanin kashe kai. Bincike ya sha nuna cewa ba haka ba ne. Yaron da ya riga ya kai kwalba bakinsa ba ya jiran wani ya tuna masa. Wasu kuma su ce shafar iska ce, ruƙiyya ake buƙata. Ba na faɗa da addu'a, kuma babu likitan kirki da zai hana ta. Amma yaron da ke sambatu yana iya kasancewa zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, ko sanƙarau, ko sukarin jininsa ya faɗi, kuma waɗannan suna kisa cikin sa'o'i. A fara aunawa, a yi addu'ar a gefen gado.

Uwar da ta ce kuskure ne ba na ganin laifinta. Tana gudun surutun unguwa da abin da zai biyo baya ranar neman aure, tana kuma gudun hukuma. Sashe na 231 na dokar Penal Code da ke aiki a Arewa, da na 327 na Criminal Code a Kudu, sun tanadi ɗaurin da ya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma ba ta taɓa waɗannan sassa ba. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Muddin iyali na ganin faɗin gaskiya zai iya jawo ɗan sanda bakin gado, nas za ta yi tambayoyinta huɗu, a amsa mata da cewa yarinya ta ɗauka ruwa ne.