Rajistar Layin Waya Da Sirrin Baƙo A Kurmi

Tun zamanin da ake ɗora shanu a jirgin ƙasa daga Kano da Nguru zuwa Badun da Ikko, a komo da goro daga Shagamu, fataken Arewa suna da wata ƙa'ida da ta riƙe cinikinsu. Baƙo ba ya shiga kasuwa haka kawai, sai ya sauka wurin mai gida. Mai gida ya san sunansa da garinsu da yawan dukiyar da ya zo da ita, shi ne kuma zai tsaya masa idan an yi cinikin bashi. Amma mai gidan kirki ba ya tona asirin baƙonsa a bakin kasuwa. Ta haka ciniki ya yi sauri, sirri kuma ya tsira.

Yau wayar hannu ta ɗauki babban rabo na wannan aiki. Da ita ɗan dako a Mile 12 yake aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane, da ita mai albasa a Anacha yake jin farashin Aliero. To, sai tsohuwar tambaya ta komo da sabuwar riga: wa ya kamata ya san mai waya, kuma iyakar ina?

Masana na'ura sun daɗe da gane cewa ɓoye suna ɗungurungum da saurin aiki taura biyu ne, ba su taunuwa lokaci guda. Misali shi ne tsarin nan da ake kira Tor, wanda tushensa ya fito daga ɗakin binciken sojan ruwan Amurka, aka kuma soma aiki da shi a 2002. A cikinsa saƙo yakan bi ta tasha uku. Ta farko ta san wanda ya aiko amma ba ta san inda za shi ba. Ta ƙarshe ta san inda za shi amma ba ta san mai shi ba. Suna yakan ɓoyu, amma saƙo yakan yi nawa saboda zagaye, kuma gidajen intanet da dama sukan tsaurara bincike ga wanda ya zo musu ta nan. Hanya ce mai amfani ga ɗan jarida ko mai tona asirin azzalumai, amma ba da ita za a yi cinikin tumatir da ke jiran mota ba.

Nijeriya kuwa ɗaya ɓangaren ta ɗauka. A 2011 aka soma rajistar layukan waya. A 2015 hukumar sadarwa ta NCC ta ci kamfanin MTN tarar fiye da Naira tiriliyan 1 saboda bai yanke layuka sama da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista ba, daga baya aka sasanta a kan Naira biliyan 330. A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. A watan Afrilu na 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira, aka yi ta ɗaga wa'adi har zuwa na ƙarshe, ranar 14 ga Satumba, 2024.

Gaskiya ita ce wannan tsari yana da amfaninsa. Wanda aka sace wa waya yana iya karɓo layinsa domin akwai shaidar cewa nasa ne. Buɗe asusu da aika kuɗi sun sauƙaƙa, domin banki ba ya amsa amanar wanda bai sani ba. Duk mai cewa a watsar da rajista baki ɗaya bai yi wa talaka adalci ba.

Amma fa baƙo ne ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa. Mutum guda a rubuta shi Muhammadu a wannan takarda, Mamman a waccan, a sa sunan garinsu a madadin na mahaifinsa a ta uku, sai na'ura ta ce mutum uku ne, ta rufe layi. Wanda abincinsa na yau yake cikin aikin yau, in ya wuni a layin gyaran suna, ranar tukunya ba za ta hau wuta ba. Alhali kuwa masu garkuwa da mutane, waɗanda aka ce domin su aka yi dokar, sun ci gaba da neman fansa ta waya bayan an rufe layukan. Mugu yakan yi aiki da layin wanda ya kama ko wanda aka yi wa rajista da sunan wani.

Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne tsaron rumbun da aka tara bayanan. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan ƙasa a kan Naira 100. Rajistar NIN tana ɗauke da hoton mutum da jiharsa ta asali da adireshin inda yake kwana. Wanda ya tuna abin da ya auku a kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021 ba ya bukatar a faɗa masa haɗarin da ke akwai ga baƙo in irin wannan jeri ya faɗa hannun da bai dace ba.

Mafita dai ita ce a koma ga hikimar mai gida: mutum ya zama sananne ga ma'aji ɗaya amintacce, ɓoyayye ga sauran jama'a. In kamfani yana son tabbatar da abokin ciniki, amsar da ta ishe shi ita ce "shi ne" ko "ba shi ba ne". Ba sai an kwashe masa tarihin mutum ba. Hukumar NIMC ta nuna hakan mai yiwuwa ne a 2022, sa'ad da ta fito da lambar aro mai mutuwa bayan awa 72, wadda ake bayarwa a madadin ta ainihi. Ya kamata irin wannan ya zama ƙa'ida a ko'ina. Kada kuma a buɗe bayanan kowa ga wani jami'i sai da izinin kotu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanadi hukunci; jama'a na jiran su ga ta hau kan manya kamar yadda rufe layi ya hau kan ƙanana. Haka nan ya dace a kai teburin gyaran suna cikin zango da kasuwanni, tare da haɗin kan Sarakunan Hausawa, da ma'aikaci mai jin Hausa.

Shi ma mai waya akwai nasa nauyin. Kada ya sayi layin da aka riga aka yi wa rajista, kada ya ara wa kowa lambarsa ta NIN ko da ɗan garinsu ne, domin ranar da aka yi ɓarna da layin ƙofarsa za a ƙwanƙwasa. Talaka ya ba da sunansa da hotonsa da zanen yatsunsa kamar yadda aka umurce shi. Saura wanda ya karɓi amanar ya nuna ya iya riƙe ta.