Tallar Kuɗi Haya Ce, Suna Shi Ne Gida

Duk wanda ya nemi wani kaya a Google zai ga amsoshi iri biyu. Na farko masu alamar talla, waɗanda aka biya kuɗi aka sa. Na biyu kuwa Google ne ya zaɓo su kyauta, don sun dace da tambayar. To, wanne ya kamata mai ciniki a intanet ya dogara da shi?

A ganina tallar kuɗi haya ce. Tun shekarar 2000 Google yake sayar da ita. Gwanjon kalmomi ake yi, kuma galibi sai an latsa tallarka za ka biya. Tana da sauri ƙwarai, amma ran da kuɗi suka ƙare, ran nan sunanka zai ɓace. Kayan aro ba ya rufe katara.

Shiga sahu na biyu kuwa sai da haƙurin watanni. Sai ka gyara shafinka ya riƙa buɗewa da wuri, ka bayyana kayanka sosai, har wasu shafuna su riƙa ambatonka.

A shekarar 2012 kamfanin eBay ya dakatar da tallar sunansa a Yahoo da Bing, sai ya tarar kusan dukan masu zuwa ba su fasa zuwa ba. Ashe yana ta biyan kuɗi don jawo mutanen da dama gidansa suka nufo.

Saboda haka sabon ɗan kasuwa ya yi talla don a san da shi, amma kada zaman haya ya hana shi ginin nasa gidan.