Zaure ɗaya, sassa biyu

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, aka shiga matsa wa masu kwamfuta lamba su koma Windows 11. Ga mai babbar manhaja ɗaya, wannan ƙaura ce kawai. Amma akwai wani rukuni da ya kamata ya yi hattara: ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutse, da malamai da ma'aikata a garuruwa irin su Miga, waɗanda suka raba faifan kwamfutarsu biyu, Windows a gefe guda don aikin ofis, Linux a ɗaya gefen don koyon sana'a.

Irin wannan kwamfuta kamar gidan gandu take: sassa biyu, zaure ɗaya. Zauren shi ne wata ƙaramar manhaja mai suna GRUB, wadda ke tarbar mutum idan ya kunna na'ura, ta tambaye shi sashen da zai shiga. Windows ba ta cika sanin da zaman maƙwabciyarta ba. Idan aka girka ta sabuwa, ko ta yi babban sabuntawa, takan mayar da kanta gaba a jerin tashi, sai mai kwamfuta ya kunna ya ga babu alamar Linux. Wannan ba zato ba ne. A watan Agustan 2024 Microsoft ta fitar da wani gyaran tsaro don toshe wata kafa a tsofaffin nau'o'in GRUB, ta ce ba zai shafi kwamfutoci masu manhaja biyu ba. Ya shafe su, Linux ta ƙi tashi a na'urori da dama a faɗin duniya, kamfanin kuma ya amsa laifinsa.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a mafi yawan irin wannan hali babu abin da ya salwanta. Kundin digiri da jadawalin albashi da hotunan biki suna nan kwance a sashensu. Ƙofa ce ta rufe. Asarar gaske tana zuwa ne daga baya, a teburin mai gyara. Mutum ya taso daga Miga, ya bi ta Jahun har Dutse, ya kashe kuɗin mota, yana so ya koma gida kafin magariba. Mai gyara kuma layi na jiransa, kuma abin da hannunsa ya saba shi ne fomatin. Cikin awa guda kwamfuta ta tashi fes, aikin shekara uku ya tafi. Da an sa filas mai ɗauke da Ubuntu an tayar da na'urar daga kansa, da an ga fayilolin, an kuma mayar da GRUB wurinsa da 'yan umarni kaɗan.

Saboda haka shiri ya fi gyara arha. A kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai daban, a tanadi filas ɗin ceto tun kwamfuta na lafiya, kuma kada a fara sabuntawa sai batir ya cika, domin wutar lantarki ba ta sallama kafin ta tafi. Akwai kuma BitLocker, makullin da ke ɓoye bayanan faifai: duk wanda yake kunne a na'urarsa ya rubuta lambobin cetonsa 48 a takarda, don taɓa tsarin tashi kan sa Windows ta neme su.

Sai wata tambaya da ba a cika yi ba: shin na'urar ma za ta karɓi Windows 11? Tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da injin Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa. Kwamfutocin hannu da ake sarowa daga Kano da yawansu sun girmi haka. A kan irinsu, sashen da ake gaggawar sharewa shi ne mai sauran kwana: Ubuntu 24.04, wadda ta fito a Afrilun 2024, za ta ci gaba da samun gyaran tsaro kyauta har 2029.